Masu Jera Hoto Kafin Ido Ya Gani

A shagon caji a Durun, da yamma, ba a rasa matasa uku ko huɗu sun haɗa kai a kan waya ɗaya, ana kallon Labarina ko Izzar So, ko ƙwallon da aka buga jiya a Turai. Wayoyin galibi Tecno ne ko Itel ko Infinix, dukkansu na kamfanin Transsion da ke birnin Shenzhen a ƙasar Sin. In gilashi ya fashe a kai wa mai gyara a Kabo ko Gwarzo, in ta gagara a wuce Farm Centre a Kano, inda ake cire sikirin a sa wani kafin mutum ya gama shan ruwan leda. Masu gyaran nan gwanaye ne, babu musu. Amma akwai wata sana'a a cikin wayar da sukudireba ba ta kai gare ta: rubuta manhajar da ke zuba hoto a ma'adanar waya, ta kuma ba sikirin dama ya karanta shi a daidai lokacin da ya kamata. 'Yan kwamfuta suna kiran irin wannan manhaja direba. Mutane ne ke rubuta ta, layi bayan layi, kuma ina ganin ba a cika samun aikin da ke son nutsuwa kamar nasu ba.

A fara da lissafi, don a san nauyin kayan. Yawancin ƙananan wayoyin nan sikirinsu ɗigo 720 ne a faɗi, 1600 a tsaye. Wato ɗigo 1,152,000. Kowane ɗigo ana ware masa bayit huɗu: ɗaya na ja, ɗaya na kore, ɗaya na shuɗi, na huɗun kuma na nuna ko ana hango abin da ke bayansa. Hoto guda ke nan ya ci bayit 4,608,000. Sikirin kuwa yana karance wannan wuri tun daga sama har ƙasa sau 60 a kowane sakan, bayit sama da miliyan 276 ke nan, ko ana kallon fim ko an ƙura wa agogo ido. Wurin da aka keɓe a cikin ram, wato ma'adanar wayar, don wannan hoto shi ne ma'ajin hoto, kuma direba ne mai kula da shi: shi ke yanka filin, shi ke cewa wane ne zai rubuta, wane ne zai karanta, da yaushe.

Matsala ta farko a fili take. In injin zane, wato sashen wayar da ke haɗa hoto, yana zuba sabon hoto a daidai wurin da sikirin ke karantawa, rabin sama zai fito na da, rabin ƙasa na yanzu, sai ka ga fuskar jarumi ta tsage biyu. Maganin shi ne irin na almajiri da allonsa: fuska ɗaya tana ɗauke da karatun da yake biyawa, ɗayar an wanke ana rubuta na gaba, ba a juya allo sai rubutu ya cika. Direba yana riƙe ma'aji biyu, ana nuna ɗaya ana cika ɗaya. Ba ya juyawa sai a ɗan tsakanin nan da sikirin ya gama layin ƙarshe bai koma na farko ba. In ya makara, tsohon hoto ya sake fitowa, mai kallo ya ce wayar tana sarƙewa. Ido ba mudu ba, ya san kima. A 2012, a Android 4.1, Google ya ƙara ma'aji na uku don injin zane ya samu wurin aiki ko da biyun suna hannu.

Wannan duk mai karatun kwamfuta ya sani. Inda ake gane gwani shi ne ƙananan abubuwan da ba sa cikin darasi.

Ɗauki faɗin layi. Ɗigo 720 sau huɗu bayit 2880 ne, sai sabon shiga ya ɗauka layi na biyu yana farawa daga inda na farko ya ƙare. Ba lallai ba. Wani injin ba ya yarda layi ya fara sai a kan lambar da ke rabuwa da 256, don haka kowane layi sai ya ci 3072, a bar bayit 192 fanko a ƙarshensa. Wanda ya manta da wannan ragowar ya yi ta zubawa a jere, kowane layi zai goce da ɗigo 48 daga na samansa. Hoton yana nan, babu ɗigon da ya ɓata, amma ya karkace ya zama zane-zane a gicciye, ba ka gane mutum ba ka gane mota. Tsohon hannu yana kallon yadda karkatar ta kwanta zai gaya maka bayit nawa aka yi kuskure, kafin ya buɗe rubutun manhajar. Haka ma launi. Wani injin ja yake sa wa a farko, wani shuɗi. A saɓa, jar hula ta koma shuɗiya, fatar mutane ta yi wani irin toka-toka mai shuɗi-shuɗi. Kuma injin zane da yawa ba sa jera ɗigo layi-layi ma sam. Mai suna Mali, wanda kamfanin Arm ya tsara kuma yake cikin wayoyi masu yawa masu guntun ƙwaƙwalwa na MediaTek ko Unisoc, yakan tara su gida-gida, ɗigo 16 a faɗi 16 a tsaye, wani lokaci har ya matse su don rage zirga-zirga. Dole direba ya san da wane tsari aka rubuta kowane ma'aji kafin ya miƙa wa mai karantawa.

Waɗannan kurakurai masu mutunci ne, suna fitowa kowa ya gani. Mugun shi ne wanda ke zuwa yau ya ɓace gobe. Furosesa ba ta rubutu kai tsaye a ram, saboda ram tana mata nisa. Tana da 'yar ma'adana ta kusa mai sauri, nan take fara ajiye abu, sai ta ga dama ta tura. Shi kuwa sashen da ke ciyar da sikirin, a wayoyi da yawa, ram yake zuwa kai tsaye, bai san da wata 'yar ma'adana ba. To furosesa ta rubuta, a wurinta an gama, amma wani yanki na hoton bai bar hannunta ba. Sai 'yan layuka na tsohon hoto su riƙa ƙyaftawa a kan sabo, sau ɗaya a ɗari ko a dubu. Mai direba ya sa layin bincike don ya kama ɓarawon, wannan ɗan jinkirin da ya ƙara ya ba furosesa lokacin turawa, matsalar ta ɓace. Ya cire, ta dawo. Mutum zai iya kwana bakwai a kan wannan. Gyaran kuwa sau da yawa layi ɗaya ne: a ce wa furosesa ta juye abin da ke hannunta kafin a kira mai karantawa. Amma a ina za a sa layin? A sa shi ko'ina, wayar ta yi nauyi. A rage wuri ɗaya, datti ya dawo.

Wani zai ce, me ya hana a riƙa kwafe hoton zuwa sabon wuri kowane lokaci, kowa ya yi aiki da nasa, a huta? Batir ne ya hana. Kowane kwafi wuta yake ci, kuma wanda ke biyan kuɗin caji a Durun ko yake jiran rana ta buɗe a kan sola ya fi injiniyan Turai sanin darajar kashi goma na batir. Saboda haka aka yi shekaru ana neman hanyar da kyamara da injin bidiyo da injin zane da sikirin za su yi tarayya a ma'aji ɗaya ba tare da an kwafa ba. Android a kan Linux aka gina shi, manhajar da Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. A 2008 Keith Packard da Eric Anholt na kamfanin Intel suka kawo wa Linux tsarin GEM na raba ma'ajin hoto da lura da shi. A 2012 aka shigar da dma-buf, wanda Sumit Semwal ya jagoranta, don direba ya iya miƙa wa wani direba ma'aji hannu da hannu. Tare da ma'ajin akan haɗa wata alama da suke kira shinge: mai karɓa ba zai taɓa ba sai mai bayarwa ya ɗage ta, alamar ya gama. In aka yi sakaci wannan yana jiran wancan, wancan yana jiran wannan, waya ta sandare, sai dai a danne maɓalli a kashe ta.

Abin da ya fi burge ni shi ne waɗanda suka yi wannan aiki babu littafin jagora. Kamfanoni sukan ɓoye yadda injin zanensu ke karɓar umarni. Alyssa Rosenzweig tana makarantar sakandare a Amurka ta fara tonon sirrin Mali. Hanyar masu irin wannan aiki ba ta da ado: a sa manhajar kamfanin ta zana dala ɗaya mai kusurwa uku, a kwashe duk abin da ta rubuta a ram, a sauya launin dalar, a sake kwashewa, a jera biyun a duba wace lamba ce ta motsa. Sannan a matsar da kusurwa ɗaya, a sake. Haka ake yi har lambobi su fara magana. Aikinta da na abokan aikinta ya zama Panfrost, wanda ɓangarensa ya shiga Linux 5.2 a 2019. Daga baya ta koma kan injin zane na guntun M1 na Apple, ta yi masa irin wannan tonon. Wayoyin kasuwa dai da direban Arm suke zuwa, ba da Panfrost ba, amma rubutun Panfrost a buɗe yake, ɗalibi a Jami'ar Bayero ko ta Wudil da ke da tsohuwar kwamfuta da ɗan data zai iya saukewa ya karanta yadda aka yanka kowane ma'aji.

Sai kuma amana, wadda ba a cika tunawa da ita ba. Ma'ajin da ya nuna lambar asusunka a manhajar banki ɗazu, shi za a iya ba wata manhajar wasa an jima. Wajibi ne a share shi tas kafin a miƙa. Kuma in an karɓe fili daga hannun wata manhaja, dole a tabbatar an toshe duk ƙofar da take bi ta shiga, ta furosesa da ta injin zane, kafin a ba wani. Sakin fili ya fi yanka shi wuya, domin sai ka tabbata babu sauran mai riƙe da shi, alhali injin zane yana iya kasancewa bai gama aikin da aka ba shi tun ɗazu ba. A 2022 masu bincike na Project Zero a Google sun gano ramuka biyar a direban Mali, uku daga ciki irin wannan ne: an mayar da fili, amma manhaja tana iya ci gaba da karantawa da rubutu a cikinsa bayan ya zama na wani. Arm ya gyara a watannin Yuli da Agusta na shekarar. Da masu binciken suka gwada wayoyi, har zuwa watan Nuwamba gyaran bai iso ko ɗaya daga cikinsu ba, har da Pixel na Google ɗin kansa, domin sai ya bi ta hannun mai guntu, ya bi ta hannun mai waya, kafin ya sauka a matsayin sabuntawar nan da yawancinmu ke dannawa "sai an jima" saboda tsadar data.