Tsokaci Kan Matsayin Harshen Murkim a Rabe-raben Harsuna

Murkim ƙaramin harshe ne daga cikin harsunan Papua, wanda ake magana da shi a ɓangaren Indonesiya na tsibirin Sabuwar Gini. Masu jin sa ba su kai 300 ba. Duk da ƙanƙantarsa, ya raba kan masana. Timothy Usher ya sanya shi cikin dangin Pauwasi tare da maƙwabtansa, Lepki da Kembra. Shi kuwa William Foley, a 2018, ya ɗauke shi tare da Lepki a matsayin ƙaramin dangi mai zaman kansa.

A ganinmu, tushen wannan saɓani shi ne ƙarancin hujja. Akasarin abin da aka dogara da shi jerin kalmomi ne da wakilan suna. To, maƙwabta kan ari kalmomi a wurin juna, saboda haka kamannin kalma kaɗai ba ya tabbatar da zumunta. Tun a 1971 Greenberg ya yi ƙoƙarin tattara harsunan Papua a babban dangi guda ta hanyar kwatanta kalmomi, amma galibin masana ba su karɓa ba. Sabanin haka, Newman da Ma sun ƙarfafa dangin Cadi a 1966 ta hanyar nuna daidaiton sautuka bisa ƙa'ida.

Ke nan, kafin a yanke wa Murkim hukunci, wajibi ne a bayyana tsarin sautinsa da ƙirar kalmarsa da ginin jimlarsa daga bakin masu shi, tun suna raye. Manazarta ƙananan harsunan Nijeriya ma wannan aiki ne ke jiran su.