Motar Langa-langa a Ma'aunin Fasaha: Nazari Daga Birnin Kudu da Gwaram

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta ɗora motar langa-langa da 'yan'uwanta, wato motar kara da ta gwangwani, a kan ma'aunin fasaha. Ra'ayin da za a kare shi ne, abin da yaran Birnin Kudu da Gwaram ke ƙerawa da shara yana cikin ajin da masana ke kira sassaƙa mai motsi, kuma sakacin da makarantunmu ke yi da shi asara ce.

2.0 Sassaƙa Mai Motsi

Sassaƙa mai motsi ita ce ƙirar da kyanta ba ya cika sai ta motsa. Tsakanin 1926 da 1931, Alexander Calder, mutumin Amurka, ya ƙera 'yan wasa da dabbobi masu motsi a birnin Faris da waya da tsumma. A 1960 kuma Jean Tinguely ya harhaɗa wata na'ura a birnin Niyok da tsofaffin ƙafafun keke da tarkacen ƙarfe. A nan gida, El Anatsui, wanda ya fara koyarwa a Jami'ar Nsukka a 1975, ya shahara da marafan kwalba, ko da yake aikinsa ba na motsi ba ne. Abin lura shi ne, ba a hana ɗayansu sunan gwani ba don kayan aikinsa daga juji suka fito.

3.0 Ƙirar Yara

Yaro kan lanƙwasa langa-langa ya fitar da jikin mota, ya yanko tayoyi daga tsohon silifa, ya ɗaure gaɓoɓi da robar tiyub, sa'an nan ya sa doguwar waya mai sitiyari wadda zai riƙa juya ƙafafun gaba da ita yana tafe. Bayan kaka kuwa, sai kara ya wadata: a fere ɓawonsa a soka cikin laushinsa, ba ƙusa ba gam.

Abubuwa uku ne suka cancanci yabo a nan. Na farko daidaito, domin in gatarin ƙafafun ya karkace motar ba za ta tafi ba, don haka aikin da kansa yake yanke wa mai shi hukunci. Na biyu taƙaitawa, domin da 'yan layuka kaɗan yaro ke bambanta tirela da bas. Na uku, ƙirar ba siffar mai rai ba ce, saboda haka ta kuɓuta daga ƙyamar da iyaye Musulmi ke yi wa mutum-mutumi, wadda ta daɗe tana takura darasin sassaƙa.

Amma fa akwai rauni. Galibin aikin kwaikwayon mota ne kawai, kuma da wuya a ga wanda ya wuce nan ya ƙago sabuwar siffa. Haka nan harkar ta maza ce, kuma da zarar yaro ya tasa sai a ce ya girmi wasa, hannun ya mutu. Ga kuma motocin roba na kanti sun rage buƙatar ƙirar.

4.0 Zaman Koyo na Iyali

A Turai gidajen adana kayan fasaha kan shirya ranar da iyaye da yara za su zauna su yi ƙira tare. A ganina, ɗauko wannan tsari yadda yake ba zai karɓe mu ba, domin kunya da kara sukan hana uba zama a tabarma ɗaya da ɗansa, musamman ɗan fari. Wanda ya fi dacewa shi ne a bi hanyar koyon sana'a ta gado: a gayyato maƙeri da mai walda da mai saƙar faifai makaranta, yayye da kakanni su jagoranci ƙanana, mata da maza.

5.0 Kammalawa

Zanen shanu na Dutsen Mesa da Dutsen Habude, da duwatsu masu amo waɗanda Bernard Fagg ya yi bayaninsu a shekarun 1950, shaida ne cewa fasaha ba baƙuwa ba ce a ƙasar Birnin Kudu. Shawarata ita ce kwalejojin ilimi su sanya wannan ƙira cikin horon malaman firamare, a riƙa auna ɗalibi da abin da ya ƙago, ba da abin da ya kwafa daga allo ba. Da ma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.