Masu Hawan Raƙumin Ruwa

Bahaushe bai zauna a bakin teku ba, amma ya raɗa wa igiyarta sunan da ya dace da ita: raƙumin ruwa. Wanda ya fara faɗin haka lallai ya ga abin da idonsa. Tozo ne ke tasowa daga nesa, ya taho yana rangaji, wani na bin wani kamar ayarin Azbinawa, har ya iso gaɓa ya durƙusa. Abin da mai raɗin sunan bai gaya mana ba shi ne akwai masu hawan wannan raƙumi, a tsaye, ba akala, ba sirdi.

Ni mutumin Kunduru ne, a ƙasar Kankiya. Ruwan da na tashi na sani shi ne na kududdufi da na rafin da ke ƙafewa tun kafin a gama sussuka, sai madatsar Zobe idan an yi tafiya wajen Dutsin-ma. Duk lokacin da na ga masu hawan igiyar teku a talabijin sai in ce wasan waɗanda suka ƙoshi ne. Wata tafiya ce ta sa na janye wannan magana. Wani abokina ɗan kasuwa mai zirga-zirga tsakanin Kano da Gana ya ce mu raka shi a hutun Kirsimeti, tunda ofisoshi a rufe suke. Mu huɗu a mota ɗaya, da tanti biyu, da tabarmi, da buta, da risho. Kwana biyu muka yi kafin Legas. Daga nan hanya ta bi gefen teku: Badagiri, iyakar Seme, Kwatano, Wida, Aneho, Lome, Aflawo, har Akara, wadda kakanninmu ke ce wa Ankara. Ƙasa huɗu ke nan cikin tafiyar da ba ta kai kilomita 500 ba, iyaka uku, kowace cike da masu komawa gida biki. Duk babban garin da muka shiga akwai unguwar da ake kira Zongo, kuma zangon fataken goro ne sunan ya bi, don haka ba mu rasa mai amsa sallama da Hausa ba, ba mu rasa tuwo ba.

Kwana a rairayin gaɓa ma da nasa ilimin, amma ba shi ya kawo ni ba, saboda haka a gurguje. Abokina, wanda ya zama madugunmu, ba ya kafa tanti sai ya nemo layin tarkacen da ruwa ya bari a kan yashi, ciyayi da bawon kwakwa da robobi, domin nan ne iyakar da teku ta kai a cikarta ta baya. Sai ya haura sosai ya yada zango. Ba a kwana ƙarƙashin bishiyar kwakwa mai 'ya'ya. Ba a sauka sai an gaisa da masu wuri. Raɓar teku kuwa tana jiƙa komai, gishirinta ya sa wa ƙarfe tsatsa cikin 'yan kwanaki.

Mun wuce Cape Coast da Elmina, muka tarar da Takoradi ta kacame da 'yan bikin dodanni masu tufafi kala-kala da suke yi a kowace Kirsimeti, muka zarce wani ƙauyen masunta da ake kira Busuwa. A nan ne, bayan sallar asuba, na ga wani saurayi zaune a kan yashi da allonsa a gefe, ya ƙura wa teku ido. Na ce allo domin da shi ya yi kama, allon makaranta da aka ja shi ya yi tsawon mutum, sai dai na soso ne mai tauri da aka lulluɓe da faiba, da 'yan fika-fikai uku a ƙasan gindinsa kamar na kifi, da igiya da ake ɗaurawa a idon sawu don kada ruwa ya raba mutum da shi. Saurayin ya ji muna Hausa ya juyo ya gaishe mu. Ashe mahaifiyarsa 'yar Zongon Takoradi ce.

Na ce, "Samari, ga ruwa ga allo, me kake jira?"

Ya ce, "Ƙirga nake yi, Kawu."

Wannan ƙirga ita ce rabin sana'ar, kuma sai da na kwana uku a wurin na fahimci abin da ake ƙirgawa. Raƙumin ruwa ba a bakin gaɓa ake haihuwarsa ba. Guguwa ce ke tashi can ƙuryar kudancin tekun Atlantika, dubban kilomita daga Gana, ta yi ta dukan ruwa kwana da kwanaki, sai motsin ya kamo hanya. Ruwan kansa ba ya tafiya, motsin ne ke tafiya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen gonar gero ana iska ya san wannan: kowace zangarniya sunkuyawa take ta koma mazauninta, amma rausayar tana ratsa gonar daga wannan kunya zuwa waccan. To mai hawa yana ƙirga daƙiƙun da ke tsakanin tozo da tozo. Idan shida ne ko bakwai, iskar kusa ce ta tayar da su, ba su da ƙarfi, ba su da tsari. Idan sun kai goma sha biyu ko fiye, baƙi ne daga nesa, sun jeru a hanya, kuma nauyinsu ya wuce abin da ido ke gani. Sannan ba ɗai-ɗai suke zuwa ba, ayari-ayari ne: 'yan ƙalilan manya su taho a jere, teku ta lafa, wani ayarin ya biyo. A cikin lafawar nan ake shiga.

Da raƙumin ya iso inda ruwa ba zurfi, ƙasa takan riƙe masa ƙafa. Gindinsa ya rage gudu, kansa bai rage ba, sai ya yi tsiri, ya rinjaya gaba, ya kife. Yakan kife ne idan zurfin wurin ya rage bai fi tsayinsa da sulusi ba. Ke nan siffar ƙasan teku ita ke yanke inda zai karye da yadda zai karye. Inda dutse ne, kullum wuri ɗaya. Inda yashi ne, yau nan gobe can, domin ruwa na kwashe shi yana tarawa. Saurayin nan ya san ƙasan ruwan Busuwa yadda manomin garinmu ya san inda jigawa ta ƙare fadama ta fara, alhali bai taɓa ganinsa a bushe ba. Daga launin ruwa da inda kumfa ke taruwa yake karantawa.

Sai wata. Teku tana cika tana janyewa sau biyu a kwana guda, kimanin awa shida tana hawa, shida tana sauka, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kusan minti hamsin. Cikar takan fi yawa a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Na yi mamaki da na ga yaron da ba ya duban wata don azumi ko salla ya fi ni sanin kwanan wata.

Amma abin da ya fi taɓa ni iska ce. Mai hawa ba abin da yake ƙi kamar iskar da ke busowa daga teku zuwa tudu, domin tana tura raƙumin ta baya, ya rushe tun bai gama miƙewa ba, ruwa ya zama kamar an dama fura. Wadda yake so ita ce mai fitowa daga tudu, ta tari raƙumin ta gaba, ta tallafe shi, ta share masa fuska ya yi sumul, ya daɗe a tsaye kafin ya kife. Gaɓar Gana da Togo da Binin da Legas kudu take kallo. Wace iska ce ke fitowa daga arewa maso gabas a watan Disamba? Hunturu. Iskar nan da ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele a Chadi, ta fasa mana leɓe da dugadugai a Kunduru, ta sa tsofaffi kwana gefen wuta, ita ce idan ta yi ƙarfi ta kai bakin teku take gyara musu ruwa. Gaskiya manyan raƙuma sun fi zuwa wannan gaɓa da damina, lokacin da kudancin duniya ke cikin sanyinsa da guguwarsa. Na Kirsimeti ƙanana ne, amma tsaf suke, musamman da sassafe kafin rana ta ɗumama tudu iska ta juya. Shi ya sa masu hawa suke sammako kamar masu zuwa gona.

Hawan kansa, in ka gan shi daga gaɓa, kamar ba wuya. Mutum ya kwanta rub da ciki a kan allo, yana tuƙi da hannuwa, kamar yadda masuntan Argungu ke kwanciya a kan gora. Raƙumin da ya riga ya fashe in ya taho masa, sai ya danna hancin allon cikin ruwa ya nutse ta ƙarƙashinsa ya ɓullo ta baya. Ya wuce inda suke karyewa, ya zauna a kan allon ya jira. Jiran yakan yi tsawo. Yakan bar uku su wuce ya zaɓi na huɗu, kuma ban taɓa gane abin da ya gani a na huɗun ba. Da ya zaɓa sai ya juya ya fuskanci tudu, ya yi ta tuƙi da iyakar ƙarfinsa, domin dole gudunsa ya kusanci na raƙumin, in ba haka ba ya wuce ta ƙarƙashinsa ya bar shi. Akwai wani ɗan lokaci, bai kai ƙiftawa biyu ba, da gindin allon ke ɗagawa ya fara zamewa da kansa. A nan ake miƙewa, kuma tashi ɗaya ake yi, daga kwance zuwa tsaye, ba a bi ta durƙuso. Wanda ya yi gaggawa raƙumi ya bar shi. Wanda ya yi jinkiri ya wuntsila da ka.

Gwani ba ya miƙewa ya nufo gaɓa kai tsaye, wannan na 'yan koyo ne. Gefe yake bi, yana gudu a jikin bangon ruwan, kumfa na bin sa a baya tana neman cim masa. Ya danna ƙafar gaba ya ƙara gudu, ya danna ta baya ya juya. Ya sauka gindin raƙumin, ya hau ƙololuwarsa, ya karyo da ƙarfi har ruwa ya yi feshi. Inda idonsa ya duba nan allon ke zuwa, wanda ya dubi ƙafarsa ya faɗi. Ya tuna mini da mahayan da ke sukuwa a hawan salla a Katsina, su taho a guje su ja linzami a gaban Sarki su yi jinjina. Sai dai doki an hore shi, ya san mai shi, gobe ma shi za a hau. Wannan raƙumi ba a taɓa hawansa ba, ba kuma za a sake ba. Duka-duka daƙiƙa goma ne ko sha biyar. Mutum ya yi awa biyu a ruwa, in ka tara tsayuwar da ya yi ba ta fi 'yan mintoci ba.

Suna da ladabinsu kuma. Wanda ya fi kusa da inda raƙumin ya fara karyewa shi ke da shi, saura su janye. Shiga gaban wani abin kunya ne, kamar tsallake sahu.

Na ɗauka Turawa suka kawo abin, ashe ba haka ba ne gaba ɗaya. Salon da duniya ta sani yau, da tsayuwa a kan dogon allo, daga tsibiran Hawai ya bazu, har ya shiga wasannin Olamfik a Tokyo a 2021. Amma wani Bature matafiyi, James Alexander, ya rubuta cewa a 1834 ya ga yara a Akara suna shiga teku da 'yan alluna a ƙarƙashin cikinsu suna hawo igiya. Masanin tarihi Kevin Dawson, a littafinsa na 2018, ya bi sawun irin wannan labari a gaɓar Gana har zuwa shekarun 1640. Lokacin da masu shirya fim ɗin The Endless Summer, wanda ya fito a 1966, suka sauka Senegal da Gana da Najeriya da allunansu, jikokin waɗancan yara suka tarar. Kuma ina ganin tushen yana wajen masunta. Gaɓar nan mafi yawanta ba ta da mafaka, don haka kwale-kwale dole ya ratsa raƙuma ya fita, ya hau bayan ɗaya ya dawo, da kifi da taru da mutum goma a ciki. Na ga sun tsaya da filafilai a hannu suna jiran umarnin mai riƙe da baya, shi kuwa ƙirga yake yi, irin ta saurayin nan. Yau akwai masu hawa a Tarkwa Bay ta Legas, inda sai da jirgin ruwa ake zuwa, da Robertsport a Laberiya, da Ngor a Dakar, inda Khadjou Sambe, 'yar masunta Lebu, ta zama mace ta farko a Senegal da ta riƙi abin sana'a.

Ranar 26 ga Disamba gaɓa ta cika da 'yan biki, da yawansu ba su iya iyo ba. A nan na ga wani amfanin wannan ilimi. Ruwan da raƙuma suka turo tudu dole ya koma, kuma yakan haƙa wa kansa hanya ya fita da gudu kamar kwari bayan ruwan sama. Wurin yakan yi duhu, ya yi lumui, ba kumfa, sai baƙo ya ɗauka nan ne ya fi aminci. Masu hawa da gangan suke bin ta don ta fitar da su ba wahala. Baƙo kuwa in ta ja shi sai ya yi ta kokawar komawa tudu har ya gaji. Sau biyu a yinin nan na ga samarin sun tuƙa sun ɗoro mutum a kan allo. Dabarar, in ji su, kada ka yi jayayya da ita: bi gefe, ba ta da faɗi, ka fita daga cikinta sannan ka nemi tudu.

A ranar ƙarshe saurayin ya matsa sai na gwada. Ya aro mini wani allo mai faɗi kamar ƙyaure, ya tsaya da ni inda ruwa ya kai ƙugu, ya tura ni cikin kumfa. Sau tara ina faɗuwa. Na sha ruwan gishirin da ya ishe ni miyar shekara, abokan tafiyata suna gaɓa suna riƙe ciki. A na goma na miƙe, gwiwa na rawa, na yi wata tsayuwa da ba ta kai a kira ta tsayuwa ba, allon ya kai ni har yashi.

Da muka naɗe tanti za mu kama hanya, hazo ya ɗan yi sauƙi, iskar teku ta fara rinjaye. Ya dubi sama, ya dubi ruwan da ya fara yamutsewa, ya ce, "Kawu, in kun isa gida, don Allah ku ƙaro mana iska."