Takalmin Damina: Ƙyalli Ba Ya Hana Santsi

Damina ta kankama, kuma kowa ya san ruwan Ibadan ba irin na gida ba ne: daga Afrilu har Oktoba ake tafka shi, sai ɗan sararin da ake samu a Agusta. Wanda ya ga ambaliyar 26 ga Agusta 2011 ba sai an ba shi labari ba.

Maganata a kan takalman ruwan nan ne masu ƙyalli da suka cika kasuwa bana, waɗanda yaranmu ke kira rembut. Gaskiya suna da kyan gani, ga sauƙin kuɗi, ga rashin nauyi. Amma juya ƙasansu ka duba: sumul kamar faranti. A taɓon layin 'yan hatsi na Bodija, wannan tarko ne. A gabana wani yaro ɗan dako ya zame da buhun wake a ka, yau sati uku yana kwance, iyalinsa sai abin da aka taimaka.

Na sayi guda da kaina don in gwada. Tafiya ɗaya na yi da shi Saki sayen doya, duwatsun Oke-Ogun suka tsaga shi ta gefe. Araha dai ba ta ado.

In za ka saya, Alhaji, duba abu uku. Ƙasan ya zama mai kauri, mai zurfin zane kamar tayar mota. Lanƙwasa shi da hannu. In robar ta yi fari a wurin lanƙwasar, ajiye. Sannan ɗauki wanda ya ɗan fi ƙafarka, don ka sa safar auduga, domin roba ba ta fitar da gumi, tsakanin yatsu ya yi ta ruɓewa.

Wasu na tambayata ko ana shafa a kansa wajen alwala. A mazhabarmu ta Malikiyya sharaɗin huffi ya zama na fata, ɗinkakke. Na roba bai shiga ba, a cire a wanke ƙafa.

'Yan'uwana masu sayarwa, mu ji tsoron Allah. In mutum ya ce dako yake yi, kada ka miƙa masa mai santsi don ribarsa ta fi. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.