Tsakanin Ido da Hannu: Nazarin Al'adar Jiran Sabon Wasan Tseren Mota

Daga cikin al'adun da zamani ya haifar a tsakanin ma'abota wasannin kwamfuta, da wuya a sami wadda ta kai al'adar jira tsawo da yawan jayayya, musamman idan abin da ake jira wasan tseren mota ne. Domin tun daga ranar da kamfani ya saki bidiyon talla na minti biyu ko uku, har zuwa ranar da wasan zai shiga kasuwa, wanda sau da yawa shekaru ne a tsakani, masoya ba su da aiki sai tsayar da bidiyon hoto bayan hoto, suna duban inuwar bishiya a kan kwalta, suna auna ƙyallin fenti a jikin mota, sa'an nan su yanke hukunci a kan abin da hannunsu bai taɓa ba tukuna. Bukatarsu kuwa, idan aka tace ta, iri biyu ce: kyawun sura, da santsin gudana. Inda mas'alar ta yi tsauri shi ne, waɗannan biyun daga akushi ɗaya suke ci, duk lomar da ɗaya ya ɗiba ta ragu a rabon ɗan'uwansa.

Bayanin wannan yana cikin lissafi. Abin da mai wasa yake gani a matsayin motsi, jerin hotuna ne da na'ura take zanawa ɗaya bayan ɗaya. Idan za ta zana 60 a cikin sakan guda, to kowane hoto ba shi da rabon da ya wuce kashi 1 cikin 60 na sakan, kuma a cikin wannan ɗan taƙi ne wajibi ta lissafa riƙon tayoyi huɗu, da nauyin da ke karkata a kwana, da halin sauran motoci, ta kuma zana sama da ƙasa da 'yan kallo. Idan aka sauko zuwa 30, lokacin ya ninka, masu zane sun sami sararin ƙawata duniya yadda suke so, amma direba ne zai biya kuɗin. Motar da ke gudun kilomita 300 a awa tana cinye fiye da mita 83 a kowane sakan, wato kusan mita 3 tsakanin hoto da hoto idan 30 ne, ƙasa da mita ɗaya da rabi idan 60 ne. Wanda kuwa ya taɓa neman daidai inda zai taka birki kafin kwana mai tsanani ya san cewa a cikin wannan tazara ake cin tsere ko a faɗa cikin yashi. A ƙara da cewa hoton da ake kira 4K yana da ɗigo fiye da miliyan 8, ninki huɗu ke nan na 1080p, sai a gane cewa mai cewa a ba shi komai a lokaci ɗaya yana neman abin da na'urar ɗakinsa ba ta da iko a kansa.

Magabatan wannan sana'a sun san haka, kuma mafi yawansu sun zaɓi hannu a kan ido. Daytona USA na kamfanin Sega, wanda ya cika gidajen wasa a 1994, da hotuna 60 yake gudu. Nintendo ma, da suka zo yin F-Zero X a 1998, sun yarda su tsiraita hanyoyinsu, ba ado ba ƙawa, domin motoci 30 su yi tsere tare ba tare da gudana ta yi tangarɗa ba. An yi musu gorin talaucin sura, amma har yau masana suna ambaton wasan da girmamawa. Gran Turismo na Kazunori Yamauchi, wanda ya fara fitowa a Japan a watan Disamba na 1997, da 30 ya soma, sai dai tun daga kashi na uku a 2001 kamfanin Polyphony Digital, mai yin wasan, ya riƙi 60 tamkar farilla, ya mayar da sauran ƙawa nafila.

To me ya sa jama'a suka fi karkata ga sura, alhali ma'abota gwaninta sun kusa yin ijma'i a kan fifikon gudana? Dalilin, a ganina, shi ne sura tana tafiya, gudana kuwa ba ta tafiya. Hoton mota a ƙarƙashin ruwan sama yana shiga mujalla da wayar hannu ya isa ko'ina, kowa ya gani ya yaba. Amma yadda sitiyari yake amsa hannu ba shi da hoto, sai wanda ya riƙa. Hatta YouTube bai fara nuna bidiyo da hotuna 60 ba sai a 2014, don haka shekara da shekaru masu jira suna hukunta wasanni ta madubin da ba ya iya nuna rabin abin da ake jayayya a kansa. Kamfanoni sun fahimci wannan rauni, sun kuma ci moriyarsa. A 2005, lokacin da Sony take gabatar da PlayStation 3, an nuna bidiyon MotorStorm na kamfanin Evolution Studios da ke Ingila, laka tana fallatsa, ƙarfe yana tarwatsewa, mutane suka riƙe baki. Daga baya ta tabbata cewa bidiyon ba daga na'urar ya fito ba, an shirya shi ne don nuna abin da ake burin kaiwa. Wasan da ya fito ya yi kyau gwargwadon zamaninsa, amma da wancan mizani aka auna shi. Wannan kamfanin dai shi ne ya fitar da Driveclub a watan Oktoba na 2014, bayan jinkirin kusan shekara, ya zaɓi hotuna 30 don ya sami ƙawa, irin ɗigon ruwa da ke gangara a kan gilashi, wanda har yanzu ake buga misali da shi. Amma hanyoyinsa na intanet suka ruguje a makonnin farko, kyawun bai cece shi ba, Sony ta rufe kamfanin a 2016.

Akwai kuma wata fitina ta daban, ita ce son adadi. Gran Turismo 5 ya fito a watan Nuwamba na 2010 bayan jira mai tsawo, yana alfahari da motoci fiye da 1,000, sai masu saye suka tarar kimanin 200 ne kawai aka ƙera sababbi da cikakken ciki, sauran an kwaso su ne daga zamanin PlayStation 2, har wasu ana ganin kaushin gefensu. Aka yi ta zargi. Amma adalci ya wajabta a faɗi cewa masu zargin su ne suka daɗe suna auna kowane sabon kashi da yawan motocin na baya, alhali Yamauchi da kansa ya bayyana cewa mota guda ta sabon salo tana cin aikin mutum ɗaya na kimanin wata 6. Wanda ya nemi dubu, kuma ya nemi kowace ta zama a wannan daraja, bai zauna ya yi lissafi ba.

Labarin Gran Turismo 7 ya fi kowanne koyarwa. An sanar da shi a 2020 a matsayin abin ado na PlayStation 5, sai a 2021 aka ji zai fito har a PlayStation 4, nan take wasu suka ce an ci amanarsu, tsohuwar na'ura za ta riƙe wa sabuwa ƙafa. (Su dai masu wannan ƙorafi ba su tuna da irin mutanenmu ba, waɗanda tsohuwar na'urar ce a gidajen wasansu, ita ma da ƙyar aka same ta.) Sa'an nan aka shiga jayayya a kan fasahar bin sawun haske, wadda take lissafa yadda haske yake faɗawa kan abu ya koma kan wani, har mota ta ga kanta a jikin 'yar'uwarta; Polyphony suka keɓe ta ga maimaicin tsere da gareji da ɗaukar hoto, suka hana ta shiga tseren kansa, domin kada 60 ta taɓu. Wannan hukunci daidai ne, kuma hujjarsa a fili take: mai gudun kilomita 300 ba ya duban fentin maƙwabcinsa. Wasan ya fito ranar 4 ga Maris 2022, kuma abin mamaki, bayan duk wannan ce-ce-ku-ce, abin da ya tunzura jama'a bai shafi haske ko ɗigo ba. Cikin wannan watan aka yi wani gyara da ya rage ladan da ake samu a tsere, aka kuma rufe hanyoyin intanet fiye da awa 30, mafi yawan wasan ya ƙi buɗuwa ga mutanen da suka biya kuɗinsu, har sai da Yamauchi ya ba da haƙuri. Kusan shekara biyu ana tambayar yadda wasan zai kasance a ido, ba a sami masu yawa da suka tambayi ko zai yi aiki idan layi ya yanke ba.

Ba na ɗora laifin duka a kan masu jira. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun halatta cinikin abin da ba ya nan bisa siffa, da sharaɗin idan ya zo ya saɓa wa siffar mai saye yana da zaɓi. Bidiyon talla kuwa siffa ce, musamman tunda ana karɓar kuɗin mutane tun kafin fitowa. Saboda haka lokacin da masoya Forza Motorsport suka jera bidiyon hanyar Maple Valley da aka nuna a 2022 kusa da abin da ya fito a watan Oktoba na 2023, suka ce haske da ciyayi sun ragu, haƙƙinsu suke nema, ko da an yi saɓani a kan girman ragin. Kamfanin Turn 10, mai yin wasan, dai ya cika alkawarin bin sawun haske a cikin tsere, ta hanyar bai wa mai Xbox Series X zaɓi uku, biyu a kan 60, ɗaya mafi ƙawa a kan 30. Wato an miƙa wa mai wasa mizanin ya auna da kansa, kuma wannan ita ce al'adar da ta yaɗu yanzu.

Duk wanda yake jiran wani sabon wasan tsere, to ya tambayi abu uku kafin ya zura hannu a aljihu: shin bidiyon da aka nuna daga na'urar da yake da ita aka ɗauke shi, shin 60 ɗin tana tabbata lokacin da motoci suka cunkushe a kwanar farko cikin ruwan sama, kuma shin wasan yana buɗuwa ba tare da intanet ba. Kamfanin da ya yi shiru a kan waɗannan, a bar shi sai wasan ya fito an gani a hannun mutane.