Gwanintar Karanta Tarihin Littafi a Jikin Fatarsa

A ɗakin ajiyar littattafai na Fadar Batikan da ke Roma akwai wani littafi mai lamba 3195, wanda ya ƙunshi waƙoƙi 366 na mawaƙin Italiya Faransesko Petrarka. Malalaci zai buɗe shi, ya ce tsohon rubutu ne, ya rufe. Gwanin tsofaffin littattafai kuwa sai ya wanke hannu su bushe sarai, ya kwantar da littafin bisa matashi mai laushi don kada ɗinkinsa ya saki, sannan ya fara aiki.

Fata yake fara dubawa, domin ba a takarda aka rubuta shi ba. Fatar dabba ce da aka jiƙa a ruwan farar ƙasa, aka kankare gashinta, aka ɗame ta a katako har ta bushe. Gefen gashi ya fi duhu, da ɗigo-ɗigon ramukan gashi. Gefen tsoka ya fi fari da santsi. Ƙa'idar masu haɗa littafi ita ce gefen gashi ya fuskanci gefen gashi, na tsoka ya fuskanci na tsoka. In ya ga an saɓa wannan, ya san an cire falle ko an cusa wani. Daga nan sai ya nemo zaren ɗinki a tsakiyar kowane ƙunshi, ya ƙirga fallayensa.

Sai rubutu. Yana lura da lanƙwasar haruffa da kaurin alƙalami da launin tawada. Ta haka aka bambance hannu biyu: na wani matashi mai kwafi da ya fara aikin a 1366, da na Petrarka kansa, wanda ya ci gaba har rasuwarsa a 1374. Inda fata ta yi kaushi, an kankare kalma ne da wuƙa an sake wata. Gwani yakan haska fitila ta gefe don gurbin ya fito. A gefen waƙoƙi 31 na ƙarshe akwai 'yan ƙananan lambobi da mawaƙin ya sa don sauya jerinsu.

Saura hannayen da littafin ya bi, kuma a nan wasiƙu da wasiyyoyi da jerin kayan gado su ne shaidu. Malami Piyetro Bembo ya saye shi a 1544. Ɗansa Torkwato ya sallama shi ga Fulbiyo Orsini a 1581, Orsini kuma ya bar wa Batikan shi da ya rasu a 1600. Bayan haka aka manta da darajarsa, sai a 1886 Bafaranshe Piyer de Nolak ya bi sawun littattafan Orsini, ya tabbatar cewa wannan ne kwafin mawaƙin. Shi ya sa masu buga waƙoƙin a yau suke jera na ƙarshe bisa lambobin da Petrarka ya sa da hannunsa.