Halowin da Neman Takwararsa a Ƙasar Hausa: Sharhi a kan Wata Hanyar Nazari

Duk lokacin da zancen bukin Halowin ya taso tsakanin ɗalibai, akan ji maganganu biyu. Ta farko ita ce wai bukin ragowar addinin mutanen Ayalan ne na kafin zuwan Kiristanci. Ta biyu ita ce wai mu ma muna da namu, wato tashe. A ganinmu duka biyun daga tushe guda suka fito, kuma tushen yana bukatar a duba shi.

Sunan kansa na coci ne, ma'anarsa jajibirin ranar dukan waliyyai, wadda Faransawa ke kira Toussaint. A ƙarni na 9 aka tabbatar da ita a ranar 1 ga Nuwamba a daular Farankawa, daga baya kuma gidan ibada na Cluny ya ƙara ranar 2 ga wata don yi wa matattu addu'a. Gaskiya ne cewa tsofaffin rubuce-rubucen Ayalan sun ambaci Samhain a wannan rana, lokacin ƙarewar bazararsu da dawo da dabbobi daga makiyaya. Amma cewa Samhain sabuwar shekara ce, ko kuwa bukin matattu ne, hasashen John Rhys da James Frazer ne na ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Ronald Hutton, a cikin littafinsa The Stations of the Sun (1996), ya bi hujjojin ɗaya bayan ɗaya, ya nuna cewa matattu sun fi yiwuwa su shigo ta ƙofar coci. Sauran kayan bukin sababbi ne. Baƙin hauren Ayalan da Sikotilan suka kai shi Amurka, musamman bayan yunwar 1845, kabewa ta maye gurbin saiwar da ake fafewa a can gida, kuma yawon yara gida-gida suna karɓar alewa bai kankama ba sai a ƙarni na 20. A Faransa kuwa kamfanoni ne suka tallata shi wajen 1997.

Abin da ya shafe mu shi ne dabarar Frazer: a ga al'ada a yau, a ce gyauro ce ta maguzanci, ba tare da an bi sawunta shekara da shekara ba. Wannan dabara ta daɗe a nazarin Hausa, tun daga Tremearne da littafinsa a kan bori na 1914.

Bari mu ɗauki tashe. Kamar tana nan: yara da dare, gemun auduga, tsummokara, gida-gida, sadakar hatsi ko kuɗi. To amma tashe yana farawa ne bayan goma ga azumi, watan azumi kuwa yana ja baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, har ya zagaye damina da kaka da ɗari da bazara cikin shekara 33. Ba shi da alaƙa da girbi. Kuma wasanni irin su Tsoho da Gemu ko Jatau Mai Magani ba tsoratarwa suke yi ba, zambo ne da hannunka-mai-sanda ga manya. Wanda ya kira tashe Halowin ɗin Hausawa, sannan ya yarda Halowin maguzanci ne, ya riga ya yanke wa tashe hukunci a gaban masu wa'azin da ke neman hujjar hana shi, alhali bai kawo shaida ko ɗaya ba.

Idan lokacin shekara ake nema, sai a dubi karkara kamar El Allassane Maïreyrey da ƙauyukan da ke tsakanin Mayahi da Tasawa. Ƙarshen Oktoba a nan kaka ce: an yanke gero, an ɗaure dammuna, ana roron wake, rumbu ya cika. Lokacin aure ne da kokowa da biyan bashi. Mutumin arewacin Turai yana shiga duhu da sanyi a Nuwamba, shi ya sa fargaba ta dace da wannan dare. Manomin Mayahi kuwa fargabarsa tana can baya, a tsakiyar damina, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Guy Nicolas, wanda ya yi aiki a kwarin Maraɗi kuma ya buga babban nazarinsa a 1975, ya bayyana bukukuwan Anna na bayan girbi, ciki har da buɗin daji da bukin dubu na sarkin noma. A cikinsu ana yin yanka ga iskoki, ana duban yadda shekara za ta kasance, ana rabon dukiya don neman suna. Ba matattu ne ke dawowa gida ba.

Nan ne fassara ke yi mana illa. Kalmar Faransanci esprit takan haɗiye iska da aljani da kurwa da fatalwa, alhali Bahaushe ya raba su. Iskokin bori, waɗanda Jacqueline Monfouga-Nicolas ta nazarta a Maraɗi (1972), halittu ne masu sunaye da dangi da dabbar da kowanne ke so a yanka masa, ba kakannin kowa ba ne. Kurwa ta mai rai ce, ita maye ke kamawa. Fatalwa kaɗai ta yi kusa da abin da yaran Amurka ke kwaikwaya da farin zane, ita kuwa ba ta da rana a kalanda, ba ta da buki.

Tsoron Bahaushe a wuri yake da kuma sa'a: gindin tsamiya, kuka, suri, tsohuwar rijiya, tsakar rana, almuru. Uwa a Tasawa ba ta jiran wani dare guda a shekara kafin ta hana ɗanta zuba ruwan zafi a ƙasa ba tare da bisimilla ba. Ɗalibin da ke son ya yi kwatance na gaskiya, da wannan ya kamata ya fara, ya tambayi tsofaffin ƙauyen wace bishiya ce ba a sara, kuma tun yaushe aka fara sarar ta.